Gayyar Injiniya Sharfaddeen

A duk faɗin ƙasar Gaya, in za a jera waɗanda bakinsu ya fi hannunsu aiki, to da Sharfaddeen za a buɗe layi. Shi ya raɗa wa kansa Injiniya, babu makarantar da ta ba shi. Abin da ya mallaka a duniya teburi ne a bakin tasha, inda yake tura wa mutane wa'azi da waƙoƙi a waya, sai wata tsohuwar laftof da aka ɗaure murfinta da salatif. Amma in ya gyara zama yana ba da labarin kwamfuta, sai ka rantse a gabansa aka haife ta, shi ya yi mata huɗuba.

To wannan bawan Allah ne ya faɗa son Khaula, 'yar Malam Barau na Toranke. Son kuwa na gaskiya ne, wannan kam ba a yi masa ƙarya. Duk yammacin Alhamis sai ya ari babur ya nufi ƙasar Ajingi zance, ya zauna a ƙofar gida yana zuba, ita kuma tana dariya har tana riƙe ciki. Ba ta ƙi shi ba, don mutum ne da ba ka zama da shi ka yi hamma.

Malam Barau dattijo ne mai riƙon tsohuwar al'ada. Gayyar surukai ta kusa ɓacewa a wurare da yawa, amma ba a gidansa ba. Wata rana da damina ta yi nisa, ya sa aka kira masa Sharfaddeen zaure.

"Yaro, na ga zaryar ta yi yawa," in ji shi. "Gonata ta bayan gari, ciyawa na neman cinye mini gyaɗa. Ka tara abokanka ranar Asabar ta sama ku yi mini maimai. In an gama kafin rana ta faɗi, ka turo magabatanka. In ba a gama ba, Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Ba don na rasa 'yan ƙodago ba ne. So nake in ga ko kana da mutane."

Sharfaddeen ya gyara hula. "Baba, gona ɗaya kawai? Ni na ɗauka har da ta maƙwabta."

Sai da ya hau babur ya fara lissafin wanda zai zo masa. Ita gayya biki ce, wanda ya je ta wani ake zuwa tasa, shi kuwa tun da ya yi wayo bai taɓa taka gonar kowa ba. Kullum cewa yake hannunsa na danna kwamfuta ne, ƙasa tana ɓata masa yatsu. Da ya kai labarin gidan yayarsa Barira, inda yake cin tuwo, ko ɗagowa ba ta yi daga tankaɗe ba.

"Wa zai zo maka? Ranar gayyar Yusuf mai hoto ka ce ciwon baya, aka gan ka a tasha kana cin tsire."

"Yaya, ke ba ki san zamani ba."

"Zamani ne zai riƙe fartanyar?"

Ana cikin haka ya ci karo da abin da ya ɗauka mafita ce daga Allah. Akwai wata manhaja, irin babbar nan da ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya, wadda in babu ita kwamfuta akwati ce kawai. Ita wannan ba ta kamfanin kowa ba ce. Mutane ne daga ƙasashe daban-daban suke haɗuwa ta intanet suna gina ta, kowa ya kawo abin da ya iya, ba a biyan kowa, kuma duk mai so ya ɗauka kyauta. A makon nan suka fitar da sabuwa, ta gwaji, suna neman masu ɗanɗanawa su gaya musu inda take da gyara. A ƙasa kuma suka rubuta da jan rubutu cewa kada kowa ya sa ta a kwamfutar da yake neman abinci da ita. Sharfaddeen ya karanta na sama, ya bar na ƙasa.

"Ai wannan gayya ce," ya ce wa Barira, idonsa na ƙyalli. "Gayyar duniya. Ni kuma ina ciki. Zan zaga in sa wa abokaina ita kyauta, ya zama na yi musu aiki a gonarsu ta zamani. Ranar Asabar su biya ni da fartanya."

"Allah ya sa kada a biya ka da ƙotarta," in ji Barira.

Ya sa manhajar a tasa laftof, ya zuba ta a filash, ya rataya a wuya da igiya kamar laya, ya fara da shagon Yusuf mai hoto da ke bakin kasuwa. Yusuf ɗan Balan ne, mai faffaɗar kafaɗa da sanyin hali, irin mutanen da ba su iya cewa a'a sau biyu ba.

"Yusuf, sistem ɗinka ya tsufa. Na kawo maka wanda ko a Kano ba a fara gani ba."

"Nawa yana aiki lafiya."

"Jaki ma yana aiki lafiya. Ka taɓa jin an je Abuja a kansa?"

"Me ake biya?"

"Ko sisi. Ranar Asabar dai ka zo mini Toranke da fartanya."

Yusuf ya leƙa fuskar kwamfutar. "Wannan jan rubutun fa?"

"Ado ne. Turawa na son ja."

Manhajar ta tambaya ko a ajiye tsohuwar a gefe, ko a share ta. Sharfaddeen ya ce namiji ba ya raba ƙafa, ya danna a share. Da ta gama shiga kuwa, a faɗi gaskiya, ta yi kyau. Komai sumul, tagogi na buɗewa suna lilo, har masu shagunan kusa suka taru suna kallo. Sharfaddeen ya harɗe hannu yana amsa gaisuwa.

Sai ga wani ango ya zo karɓar hotonsa da amarya, wanda za a raba ranar biki. Yusuf ya tura wa firinta. Takarda ta fito, hular ango daidai, leshin amarya daidai, amma fuskokinsu duka biyu kore shar. Aka sake, ta fito kore. Aka sake, wannan karon har haƙora.

Ango ya juya hoton sama da ƙasa. "Malam Yusuf, amaryata ce wannan ko kabeji?"

"Alhamdu lillahi," in ji Sharfaddeen. "Mun gano matsala. Aikin ke nan dama. Yanzu zan kai rahoto, duk duniya ta san a Gaya aka gano ta."

"Yaushe za a gyara?" Yusuf ya tambaya a hankali.

"A fitowa ta gaba."

"Yaushe ke nan?"

"Bayan kaka, in sha Allah."

"Bikina jibi ne," in ji ango, ya fara naɗe hannun riga.

Sharfaddeen ya tuna yana da wani aikin gaggawa, ya fice.

Mai hankali da ya tsaya nan. Shi kuwa gidan kallon Hamma ya nufa, inda samarin unguwa ke taruwa kallon ƙwallo. Lissafinsa shi ne, in Hamma ya ce a tafi gayya, samari cikin rumfar nan kaf za su bi shi. Hamma yana da laftof da yake jonawa da babbar talabijin, kuma labarin kabeji bai iso masa ba tukuna. Sharfaddeen ya yi masa alkawarin hoto zai fito tar, har gumin ɗan wasa sai an ƙirga. Hamma ya miƙa wuya.

Da la'asar aka cika rumfa, aka kunna. Hoto ya fito tar ɗin, babu ƙarya, sai dai 'yan wasa a kife suke, ƙafafu a sama, suna gudu da kai. Rumfa ta ɗauki ihu.

"Ku kwantar da hankali," in ji Sharfaddeen. "A ƙasar da ake buga wasan, ai can ƙarƙashin duniya suke. Wannan manhajar ba ta ɓoye gaskiya."

"Zan kifar da kai in ga gaskiyarka," in ji wani daga baya.

Hamma da wasu ƙarti biyu suka ciccibi talabijin suka kifa ta, 'yan wasa suka dawo kan ƙafafunsu, aka zauna. Bayan hutun rabin lokaci manhajar ta ga dama ta gyara kanta, suka sake komawa gudu da kai. Aka sake ciccibar talabijin. Sannan murya ta tsere wa hoto, mai sharhi yana ihun an ci tun ƙwallo tana tsakiyar fili, rabin rumfa na murna, rabi na zagi, ba wanda ya san wa ya ci wa. Da aka zo bugun fenariti, ɗan wasa ya ja baya ya taho a guje, sai wani akwati ya fito ya rufe raga da gola, ɗauke da tambaya cikin wani yare da ko Sharfaddeen bai taɓa gani ba.

"Me take cewa?" in ji Hamma.

"Ra'ayinmu take nema."

Ra'ayin kuwa ya same shi. Ta kan langa-langar baya ya dira, ya bar takalmi ƙafa ɗaya a rumfar.

Kafin tsakiyar mako, duk wanda zai iya riƙe masa fartanya a Gaya nemansa yake, amma ba don gayya ba. Teburin tasha ya rufe, ya koma ɗakin ajiyar Barira ya ɓuya tsakanin buhuna. A nan tsoro ya kama shi sosai, don ya ga Khaula na neman kuɓuce masa. To amma shi irin mutanen nan ne da in rami ya rufta da su sai su ce rijiya suke haƙa. Ya buɗe dandalin da masu gina manhajar suke tattaunawa, ya ga rahotanninsa biyu sun samu amsa, har wani ya rubuta masa godiya.

Nan take wata dabarar ta faɗo masa. Ai ya yi musu aiki. Ya gano musu kabeji, ya gano musu gudu da kai. Wanda ya je gayyar mutane kuwa, dole su zo tasa. Ya rubuta gayyata da Hausa, na'ura ta juya masa zuwa Turanci: babban taron aikin haɗin kai ranar Asabar a Toranke, kowa ya zo da kayan aikinsa, akwai abinci. Kafin azahar hoton babban yatsa ya fara zubowa a ƙarƙashin rubutun, ɗaya bayan ɗaya, har suka haura ɗari. Wani ma ya liƙa adireshin da za a haɗu ta bidiyo, Sharfaddeen ya ɗauka don masu neman kwatance ne.

Ya fito daga cikin buhuna da ƙaiƙayi a ka. "Yaya, zo ki ga mutane."

Barira ta leƙa. "Ni yatsu na gani."

"Ɗaga yatsa a wurinsu alkawari ne. Bature ba ya saɓa alkawari."

"To Allah ya kawo sauran jikin."

Ranar Alhamis ya bi ta bayan gari ya isa Toranke. Malam Barau ya tambaye shi mutum nawa za a dafa wa.

"Baba, a dafa dai. Akwai na Jamus, akwai na Indiya, akwai na Barazil."

Dattijon ya dube shi. "Suna cin tuwon dawa?"

"Mutanen da suke aiki kyauta, me za su ƙi?"

Malam Barau ba wawa ba ne, amma ya fi tsoron a ce baƙo ya zo gonarsa ya tashi da yunwa fiye da a ce an yaudare shi. Ya sa aka kama taurensa mafi ƙiba, ya ce wa matarsa Inna Hanne ta gayyato maƙwabta a yi surfe, ya aika wa mai gangar noma goro. Kafin Sharfaddeen ya gama shan ruwa, labari ya zaga gari cewa Turawa za su zo yi wa Malam Barau maimai.

Da Khaula ta fito, ba ta yi dariyar da ta saba ba.

"Injiniya, ni fa ba Bature nake son gani ba."

"Har da Ba'indiye."

"Kai nake son in ga ka riƙe fartanya. Ko kunyar gyaɗa ɗaya ce ka kai ta ƙarshe, ni ta ishe ni, zan san abin da zan gaya wa Baba."

"Haba Khaula. Kin taɓa ganin janar yana harbi da kansa?"

Ta dube shi, ta gyara mayafi, ta ce ana kiranta a ciki.

Asabar ta waye garau. Tun da hantsi bakin gonar ya cika, har daga Ajingi mutane suka zo kallon Turawa. An shimfiɗa tabarmi a gindin wata ƙatuwar tsamiya, an jera fartanyoyin aro, tukwane na tafasa a gefe, ƙanshin taure na tashi. Mai ganga ya ɗaure gangarsa yana ɗan taɓawa. Sharfaddeen ya sauka daga adaidaita sahu cikin farar shadda, laftof a hammata, shi kaɗai.

"Ina mutanen?" in ji Malam Barau.

"Suna hanya, Baba. Ka san jirgi."

Hantsi ya ɗaga. Duk abin da ya yi ƙara a hanya sai jama'a su miƙe, sai a ga mai kai taki ne ko mai tallan yalo. Mai ganga ya gaji ya zauna a kan gangar. Wata tsohuwa ta ce ita dama ta zo ne ta ga ko Bature yana yin gumi. Shaddar Sharfaddeen kuwa ta jiƙe tun ba a fara aiki ba.

"Bari in duba inda suka kwana," ya ce, ya buɗe laftof.

Babu sabis a gindin tsamiya. Ya zaga gabas, ya zaga yamma, yara na biye da shi, har ya samu sanda ɗaya ta sabis a kan wani dogon suri da ke iyakar gona. Ya haye, ya ɗaga laftof sama, ya danna adireshin nan. Sai ga fuskoki uku a cikin ƙananan akwatuna: wani tsohon Bature da mage a kafaɗa, wata mata mai tabarau, da wani saurayi yana cin abinci a kwano.

"Ga su nan, Baba. Sun iso."

Jama'a suka yi caa a gindin suri. Malam Barau ya matso, ya kare ido da tafin hannu. A wani akwati na huɗu ya hango kansa, a kife, gemunsa kore.

"Wane ne wannan tsohon da aka rataye?"

"Kai ne, Baba. Ƙaramar matsala ce, za a gyara."

Dattijon ya dubi Baturen, don baƙo baƙo ne ko a cikin akwati yake. "Sannu da zuwa. Ya hanya? Ya iyali? Tambaye shi ina fartanyarsa."

Sharfaddeen ya haɗa ɗan Turancinsa ya jefa. Baturen ya yi murmushi ya yi dogon bayani yana shafa magen.

"Me ya ce?"

"Ya ce... yana tambaya wace matsala muka gani, a gaya masa dalla-dalla."

"Ce masa ciyawa," in ji Malam Barau. "Ga ta nan har gwiwa."

Dariyar da aka yi sai da tsuntsaye suka tashi daga tsamiya. Sharfaddeen ya juya laftof yana nuna musu gona, yana kwatanta noma da hannu ɗaya. Matar mai tabarau ta ce gonar ta yi kyau ƙwarai, saurayin ya ɗaga musu babban yatsa da cokali a hannu. A daidai nan cinnakun da ke zaune a surin suka gama shawara suka shiga wandon shadda. Injiniya ya fara rawa, mai ganga ya ga abin bai kamata ya tafi a banza ba ya sa masa kiɗa. Manhajar kuma ta zaɓi wannan lokacin ta sanar cewa ta samu gyara, za ta kashe kanta ta sake tashi. Fuskokin uku suka ɓace, wani siririn layi ya fito ya tsaya a rabi.

Malam Barau bai yi dariya ba. Ya dubi tukwane, ya dubi fatar taurensa da aka shanya, ya dubi ciyawa. Sharfaddeen ya ga wannan kallon, ya ji da ma surin ya buɗe ya haɗiye shi.

Sai ga ƙarar babura daga hanyar Gaya, ba ɗaya ba, ba biyu ba, kowane da goyon mutum biyu. Daga kan suri Sharfaddeen ya riga kowa ganinsu, bakinsa kuma ya riga hankalinsa.

"Ga na ƙasa sun iso!"

Mata suka rangaɗa guɗa, mai ganga ya buɗe hannu. Sai da baburan suka matso ya gane na gaba Hamma ne, bayansa Yusuf, sai samarin gidan kallo kaf. Sun ji inda yake, sun zo su tafi da shi ko a ɗaure ya mayar musu da kwamfutocinsu yadda suke. Hamma ya diro yana huci, amma kafin ya buɗe baki Malam Barau ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Sannunku da zuwa, 'ya'yana. Allah ya yi muku albarka. Har na fara cewa yau na ji kunya a gaban jama'a. Hanne, a kawo musu kunu."

Wa zai dubi dattijo mai furfura yana sa masa albarka ya ce masa ba wurinka na zo ba? Aka zaunar da su a tabarma, aka miƙa kunun tsamiya mai zafi da goro. Suka sha suna hararar saman suri, inda Sharfaddeen ya ga ya fi masa lafiya ya zauna da cinnaku. Da kofuna suka koma wayam, Yusuf ya goge baki ya dubi gonar.

"Hamma, mun sha kunun dattijo. Ba ma tashi mu bar masa ciyawa."

"Wancan fa?"

"Ba inda za shi. Babur ɗinmu zai hau."

Ya tuɓe riga ya zaɓi fartanya. Mai ganga ya ƙare masa kallo, ya tambayi na kusa ɗan wane gida ne a Balan, da aka gaya masa sai ya canza kiɗa. "Jikan Gaji mai garma. Kakanka bai taɓa barin kunya a rabi ba. Ciyawa, ki yi sallama da 'ya'yanki." Yusuf mai sanyin halin nan ya sunkuya, ƙasa ta fara tashi. Samari suka ga ba za a bar su a baya ba, kowa ya kama kunyarsa, gona ta ɗauki ihu da tsere.

Ganin hankali ya koma kan aiki, Sharfaddeen ya sulalo ƙasa. Ya hango Khaula a wajen tukwane tana kallonsa, ya tuna maganarta, ya ɗauki fartanya ya kama kunyar gefe. Sara na farko ya tumɓuke gindin gyaɗa ya bar ciyawar tsaye. Na biyu ma haka. Ya yi gaba yana share gyaɗa tas, yana yi wa ciyawar harƙiya huɗa, har mai ganga ya biyo shi da kiɗa yana cewa, "Injiniya, a bar wa Baba na miya." Da ya fusata ya ɗaga da ƙarfi, ruwan fartanyar ya fice daga ƙota ya yi sama, ya faɗa tsulum cikin tukunyar kunu.

Wani ya miƙo masa wata fartanyar. Ya dubi tafin hannunsa da ya fara tashi, ya dubi tsawon kunyar da ko kwatanta bai ci ba.

"Ku ci gaba," ya ce. "Dole wani ya kula da baƙin waje, kada su dawo su tarar ba kowa."

Ya koma gindin tsamiya ya ɗora laftof a cinya yana gadin layin da ya tsaya a rabi. Khaula ta juya ta shiga harkar tukwanenta.

Rana ba ta kai ga faɗuwa ba aka fita ƙarshen gona. Kunyar da Sharfaddeen ya bari, Yusuf ne ya dawo ya ƙarasa ta, yana tafe yana mayar da gyaɗar da za ta iya tashi. Aka baje tuwo da naman taure, aka ci har aka bar saura. Da tuwo ya shiga cikin Sharfaddeen, bakinsa ya dawo.

"Baba, ka ga aiki ko? Na ce maka gona ɗaya ta yi mana kaɗan. Ga rana can ba ta faɗi ba."

"Ba ta faɗi ba," in ji Malam Barau.

Sai aka ga kowa ya juya. Khaula ce ta taho da 'yar ƙwarya a rufe da sabon faifai. A gidan Malam Barau, furar ƙarshen gayya yarinya ce take dama ta da hannunta, mutum ɗaya take kai wa a gaban kowa, kuma babu wanda yake buƙatar a fassara masa. Sharfaddeen ya gan ta tafe. Ya sauke laftof daga cinya, ya goge hannu a shadda, ya gyara zaman hula. Ta iso daidai gabansa ta tsaya.

"Injiniya, sannu da aiki. Ɗan janye ƙafarka in wuce."

Ya janye. Ta wuce ta durƙusa gaban Yusuf ta ajiye ƙwaryar. Yusuf ya rasa inda zai sa idonsa, Hamma ya dafa masa kafaɗa, guɗar Inna Hanne ta tashi har cikin gari.

Sharfaddeen ya miƙe. "Baba, ai ni na kawo shi."

"Kai ka kawo shi, kowa shaida ne," in ji Malam Barau. "Da ba don kai ba, ina za mu gan shi? Allah ya saka maka da alheri. Ranar ɗaurin aure ka zo da wuri, a sahun gaba za ka zauna."